Shayin Gidan Moloi

Benoni, watan Satumba

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, yaya kuma sanyin duwatsun QwaQwa? Ina fatan Gwaggo Puleng tana tsayawa a kanka har ka haɗiye maganinka, don na san halinka na cusa shi ƙarƙashin matashi. Ranar Lahadi na kira ka, kana ta "wa? wa ke magana?" har katina ya ƙare. Shi ya sa na koma ga takarda, ita dai kunnenka ba zai yi mata gardama ba.

Mutanen ɗakin baya duk suna lafiya. Tsohuwar mesarka Rooibos ta yi saɓa, fatar ta fita ɗungurungum ba inda ta yage, jan jikinta ya dawo kamar shayin da ka sa mata sunansa. 'Ya'yanta biyu sun kusa saka ƙwai. Wuta kuwa kullum sai sun ɗauke, amma janareto yana riƙe da ɗumin ɗakin.

Baba, na so in tsaya a nan, amma gara ka ji daga bakina.

Ranar Talata wata dattijuwa ta buga mana ƙofa kamar za ta ɓalle ta. Sunanta Elsabe, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, mijinta ya rasu bara. Hannunta na dama naɗe da bandeji har gwiwa, na hagu riƙe da akwatin roba. Ko gaisuwa babu ta dire shi a gabana ta ce, "Ke ce 'yar Moloi? To ga mesarku nan, ku ci abinku!" Ashe baiwar Allah ta daɗe tana neman abin da zai ɗebe mata kewa, ta yi ta karatu tana tambaya, kowa ya ce mata in dai jar mesa take so mai sanyin hali, ta nemi jinin Moloi, wato irin da muke kiwo. Ta je baje kolin macizai na lokacin sanyi, wanda ban samu zuwa ba saboda kai ka gida, ta ga sunanmu rubuce ɓaro-ɓaro a kan wani tebur. Mesar ta kwanta mata a hannu luf, ta saya. Washegari ta buɗe akwati za ta sa mata ruwa, mesar ta kafa mata haƙora, sai asibiti.

Teburin na Rikus ne. E, Rikus ɗinka, wanda ya ci tuwon masararmu har Mama ta ware masa kwanonsa, wanda ka koya wa yadda ake haska ƙwai, wanda ka ba namiji ɗaya daga 'ya'yan Rooibos kyautar aure.

Na buɗe akwatin da ƙugiyar ɗaukar maciji. Wallahi Baba, ko a duhu ba za ka ce tamu ce ba. Hancinta a goge, tabon kaska ko'ina, ƙashin baya a tsaye, ga huci tun ban taɓa ta ba. Wannan daga daji aka kamo ta aka cuso a buhu, ba ta taɓa sanin hannun mutum da alheri ba. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ƙona mini rai yana gaba. Anti Elsabe ta kai ƙara ƙungiyar masu kiwon macizai, sai Rikus ya shiga zaurenmu na waya inda kowa yake, ya rubuta wai abin tausayi ne, tun da Tsoho ya tafi jinin ya lalace a hannun 'yarsa. Wai waccan mesar ni na ba shi ya sayar mini, shi kuwa nasa daga namijin da ka ba shi da hannunka suke, su ne jinin Moloi na asali. Faizel shugaban ƙungiya ya kira ni yana ta inda-inda, ƙarshe dai ya ce an janye teburinmu daga baje kolin Nuwamba har a gama bincike. Mutanen da suka yi layin jiran ƙyanƙyasar bana sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Tun ina goye kake wannan aiki. Duk wadda ta kai sara ka ƙi haɗa ta da namiji, komai kyan launinta, mutane suna maka dariya wai kana zubar da arziki. Hannuwanka duk tabo ne kafin ka samu Rooibos. Yau an wayi gari sunanka yana kan teburin wani, ni kuma an ce ni na ɓata shi. Ba na iya cin abinci in na tuna, kuma ba zan bar shi ba.

Ka gaishe mini da Gwaggo Puleng, ka ce mata bargon yana hanya.

Taka har kullum,
Masego

Benoni, watan Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma yi maka barka da shigowar ɗumi. Gwaggo ta ce har ka fara fita duba tumaki da sanda. Madalla, amma ban da hawan dutse, ka ji ko?

Takardarka ta iso. Na karanta inda ka ce in bar Rikus da halinsa, gaskiya za ta yi halinta. Baba, kai ka iya wannan haƙuri, ni ban gado shi ba. Zafin ran Mama na ɗauko, kai ma ka sha faɗa.

Mesar Anti Elsabe ta mutu. Na keɓe ta a gareji nesa da namu kamar yadda ka koya mini, na kai ta wurin likitan dabbobi, amma ciwon ya riga ya ci huhunta. Numfashi take da baki buɗe, kumfa na fita. Abin ya ɗaure mini kai, domin ɗakin da matar ta shirya mata na gani, ɗuminsa daidai ne, ba a nan sanyi ya kama ta ba.

Da na kira na gaya mata, sai ga ta da kanta, wannan karon da kwalin biskit. Ta yi kuka sosai, wai duk da cizon ta riga ta sa mata suna. Na ga ba zan bar ta ta tafi a haka ba, sai na yi mata abin da kake yi wa duk mai son saye a gidan nan. Na zaunar da ita a kujerarka, na ɗora mata jakar ruwan ɗumi a cinya, na shimfiɗa tawul, na ɗauko Rooibos na ajiye a kai, sannan na cika mata babban kofinka na tasa da shayi. Na gaya mata dokarka: ba ciniki sai shayi ya ƙare, domin maciji mai sanyi ba shi da hali, sai jikinsa ya yi ɗumi kake sanin da wa kake tare. Da farko ta kau da kai, ta ƙi kallonta. Rooibos kuwa ta zaro harshe ta shinshina bandejin, ta cusa kai a hammatarta ta yi kwanciyarta.

Can sai matar ta ce, "Ikon Allah, ashe ɗumi gare su? Ni waccan da na riƙe ta a kasuwa sanyi ƙalau, kamar kwalbar madara daga firij. Har gindin akwatin a jiƙe yake." Na ce ta sake faɗa. Ta sake, ta ƙara da cewa akwai wata ƙatuwar kula a ƙarƙashin teburinsa, yana ta buɗewa yana rufewa, ya ce mata lemonsa ne a ciki.

Baba, ƙanƙara yake sa musu. Ya sayo na daji da araha, ya kwantar da su kan ƙanƙara har su kasa ɗaga kai, ya miƙa wa mutane a kan su ne masu sanyin halin gidan Moloi. Wanda ya kai gida ya kunna mata ɗumi, ta farfaɗo da duk tsoronta da fushinta, ga ciwon huhu a kai. Kuma a ɗakinka ya koyi abin da sanyi ke yi wa maciji. Wannan shayin ya sha shi ya fi a ƙirga, shi ne ma mai dafa ruwan wani lokaci. Ilimin da ka ba shi don ya kare dabba da mutum, shi ya juya ya cuci duka biyun.

Na je wurin Faizel da zancen. Ya sosa ƙeya ya ce zargi ne babba, mesar ta mutu, kula kuma kowa yana zuwa da ita, ina shaida? Na ce masa ya ajiye idonsa a buɗe ranar baje koli, zai ga shaida har ta ishe shi.

An hana ni tebur, ba a hana ni sayen tikitin shiga ba. Anti Elsabe yanzu kusan kullum tana nan, ita ke taya ni wanke kwanonin ruwa. Tana saƙa wa jakar ruwan ɗumi riga da jan zare, tana saƙa tana zagin Rikus da harshensu, ni kuma ina amsa mata da namu. Ba na son ya ba ni haƙuri, Baba, in ma ya bayar ba zan karɓa ba. So nake abin da ya ɗora wa tsohuwar nan a hannu ya ji shi a nasa.

Kada ka rubuto ka hana ni, kafin takardarka ta iso an gama.

'Yarka mai taurin kai,
Masego

Benoni, watan Nuwamba

Babana na kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Gwaggo da duk mutanen gida, ka gyara zama, ka sa tabarau, yau labari ne da ni.

Mun shiga zauren baje kolin da hantsi, lokacin da ya cika maƙil, ga zafi kamar gidan burodi. Ni ina ɗauke da kwando: fulas biyu, kofinka, tawul, ƙugiya da jakar nan mai jar riga. Ban kai Rooibos ba, ka san ba zan shigar da ita cikin numfashin macizan da ban san asalinsu ba. Teburin Rikus yana tsakiya, ya kafa ƙyalle mai faɗi da sunanka, har da hotonka da shi kuna dariya ranar aurensa. Ya rataya wata jar mesa a wuya, yara suna ta ɗaukar hoto. Ita kuwa ta saki jiki kamar igiyar shanya, harshenta ma da ƙyar yake fita.

Da ya hango ni sai ya washe baki, wai, "A'a, ƙanwata! Kin zo kallo? Yaya Tsoho?" Na ce kana gaishe shi.

Sai Anti Elsabe ta matsa gaba. Ka san muryar wadda ta shekara tana kiran layi a gidan waya. Ta ce ta yafe abin da ya wuce, tunda an ce laifin 'yar ne, yau ta zo sayen ta asali, kuma wannan ta wuyansa take so. Rikus har da ɗan rusunawa. Ta ce, "Amma an gaya mini a gidan Moloi ba a ciniki sai an sha shayi. Ko ba haka ba ne, jama'a?" Baba, da ka ga wurin! Duk tsofaffin hannun da suka taɓa zama a kujerarka suka ɗauka, "Shayi! Shayi!" Wani ya jawo kujera, Faizel da kansa ya matso yana cewa shi ma sai da ya sha kafin ka sallama masa ta farko. Anti ta ɗaga hannunta mai tabo ta ce, "Ni ka ga nawa bai gama warkewa ba, ɗana. Kai za ka riƙe mini ita."

Ya dubi ƙyallen, ya dubi mutane, ya dube ni. In ya ƙi, ya ƙaryata sunan da ya rataya, in ya yarda kuma ya san abin da ke zuwa. Ya yi wata 'yar dariya ya zauna. Ni na ɗora masa jakar da hannuna, na gwada ɗuminta a kumatuna tukuna don kada ta ƙona dabbar, na shimfiɗa tawul, ya sauke mesar a kai. Sannan na cika masa kofinka har baki. Shayin kam ban gwada shi a kumatu ba, yadda ya tafasa haka na zuba shi.

Ya so ya kwankwaɗe ya tashi, leɓensa ya gaya masa gaskiya. Dole ya riƙa hurawa yana kurɓa, yana ba mutane labarin yadda ka ɗauke shi kamar ɗa. Ni ban kalle shi ba, mesar nake kallo. Da fari ba abin da ya motsa. Can sai harshe ya fara fita da sauri. Sai numfashinta ya canza, jikin da ke a sake ya fara cika yana tauri, jelar ta naɗe. Sai ta janye wuya baya a hankali. Iyaye suka ja 'ya'yansu baya. Gumi ya jiƙe masa riga, labarin ya tsaya a tsakiya.

Ya ƙarasa kofin da ƙyar. Na sunkuya zan karɓa, sai ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Masego, don girman Allah ya isa. Zan sauke ƙyallen yau ɗin nan, zan rubuta a zauren waya in wanke ki. Sa ƙugiya ki ɗauke ta."

Ƙugiyar tana cikin kwandona, Baba. Na dube ta. Sai na tuna kumfar da ke fita a bakin waccan a gareji, na tuna ɗinkin hannun Anti, na tuna "tun da Tsoho ya tafi". Na buɗe fulas na biyu na ce da ƙarfi, "Yayana ya ce shayin ya yi daɗi, a ƙara masa." Na sake cika kofin.

Bai kai shi baki ba. Yana ɗaga hannu ta same shi a damtse, ƙarar kamar an mari katifa. Ta riƙe, ta ƙi saki. Kofinka ya yi sama, Rikus ya kurma ihu yana kiran uwarsa, ya tashi zai yarfar da ita ƙasa. Nan ne na yi tsalle na tallafe jikinta, Faizel ya zuba mata ruwa a baki har ta saki. Kujerar da ya ture ta ja mayafin teburin, kula ta bayyana. Wani ya buɗe. Ba lemo ko ɗaya, sai tubalan ƙanƙara jere, da buhunan macizai kwance a kai suna jiran layinsu.

Nan take zauren ya ɓarke. Mutanen nan za su yafe maka tsada, za su yafe maka ƙarya a kan launi, amma ban da maciji a kan ƙanƙara. Faizel ya hau kujera ya yage ƙyallen da hannunsa, ya yanke gefen da hotonka yake ya miƙo mini. Anti Elsabe ta bi Rikus har ƙofa tana gaya masa asibitin da ya fi iya ɗinki.

Na yi barci ranar kamar jaririya. Sunanka ya dawo gida, Baba.

Taka,
Masego

Benoni, watan Disamba

Baba,

Ina gaisuwa, ina fatan ruwan bana bai hana ka fita ba. A gaishe da Gwaggo, na gode da busasshen naman.

Takardarka ta zo, na juya bayanta ina neman sauran, babu. Ban ga "sannu" ba, ban ga "kin kyauta" ba. Tambayarka ta farko ita ce yaya mesar. To ni na ɗauko ta gida, tana gareji a keɓe, tana karɓar allura, numfashin ya fara daidaita, jiya ta ci ɓeranta na farko. Kullum sai ta kai mini sara, ni kuma ba na fushi. Ba zan haɗa ta da namiji ba, ba kuma zan sayar da ita ba, nan za ta tsufa. Sauran an raba su gidajen mutanen ƙungiya, biyu ba su rayu ba. An kori Rikus, an mayar mana da teburinmu, ƙwan farko sun fara ƙyanƙyashewa, masu jira sun dawo har da ƙari. Anti Elsabe ce ta farko a layi, ta ce sai ta sha shayinta kafin ta zaɓa.

Ka ce kofin farko na sunanka ne, na biyu nawa ne ni kaɗai. Ka ce mutum ya roƙe ni ƙugiya tana kwandona, na mai da dabba marar lafiya makami, kuma da ta faɗi ƙasa ta karye da alhakinta yana wuyana tare da shi. Ka ce shayin nan ka ƙirƙiro shi ne don kada jini ya zuba. Na karanta, na yi kuka, na sake karantawa. A kan mesar gaskiyarka ce, shi ya sa nake tashi da sassafe in yi mata allura da hannuna. Amma a kan Rikus, in ka tambaye ni ko na yi nadama, ba zan yi maka ƙarya ba. Da akwai fulas na uku da na buɗe.

Ka ce in aiko maka da kofinka, ba ka yarda a ƙara ba kowa shayi da shi a hannuna ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, ka kuma san haka. Tun ina yarinya nake jiran ranar da zai zama nawa. Amma naka ne, ga shi nan direban motar Juma'a zai kawo, na naɗe shi cikin safarka ta ulu. Ya ɗan lotse a gefe inda ya bugi ƙasa. Anti za ta sha nata a kofin Mama.

In ka kwance safar ka yi a hankali, akwai abu a cikin kofin, na ƙulle shi a ƙyalle. Haƙorin mesar ne, guda biyu na tsinta a tawul. Likita ya ce wani zai fito mata, kada ka damu. Ka ajiye shi ko ka jefar, duk wanda ka ga dama. Ni dai na riƙe ɗaya.

'Yarka, ko kana fushi ko ba ka yi,
Masego